Littafin Kawu a Ɓangaren D

A ƙarshen shekarun casa'in, da na gama sakandare, na samu aikin buga takardu a wani shago a unguwar Kongo. Kullum daga gidanmu na Ƙofar Galadima nake zuwa. Kwamfuta ɗaya ce a shagon, sabuwa fil, amma ba ta iya Larabci ba. Manhajar da ta iya kuwa sai a tsohuwar na'ura take aiki.

Mai yi mana gyara, wani malamin makaranta ɗan Wusasa, shi ya yi dabara. Ya raba faifan kwamfutar gida biyu, C da D. A cikin D ya ajiye wata kwamfutar marar jiki, fayil guda ne ƙato. In na danna shi sai ta buɗe a cikin sabuwar, ta tashi kamar tsohuwar na'ura, da Larabcinta.

"Malam, me zai hana ka haɗa su waje ɗaya?" na ce. "Kafin ta tashi na ci tuwo na wanke hannu."

"Ƙanwata, C zaure ne, kowa shiga yake. D ɗakin ajiya ne. Bar ta nan."

A cikinta nake buga littafin Kawu, yayan mahaifiyata, tarihin malaman unguwarmu da Larabci. Idonsa ya fara rauni. Duk mako yakan ba ni shafuka in buga, ya zo in karanta masa. In ya gamsu, sai ya koma gida ya ƙone takardun a kasko. Akwai ayoyi a ciki, kuma ya taɓa ganin an naɗe ƙosai da irinsu. Fitarwa a takarda ma ya hana sai an kammala. Na ce masa wannan ganganci ne. Ya ce bakina ya fi hannuna sauri.

Wata bakwai muna haka. Wata Alhamis nawar kwamfutar nan ta cikin D ta ishe ni, na ce bari in mayar da ita C, ko ta yi sauri. Na yanko fayil ɗin na liƙa. Hotunan takardun nan da allo ke nunawa in ana kwashe fayil suka yi ta tashi, abu ya ƙi ƙarewa. Na ja tsaki, na soke, na kashe, na tafi gida.

Juma'a ba ma buɗewa. Ranar Asabar kwamfuta ta ƙi tashi. Malam ya ce cuta ce ta shigo ta disket ɗin wani ɗalibi, sai an goge C kakaf.

"Amma kada ki damu, littafin yana D."

Na yi shiru, abin da ban saba ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Me kika yi?"

Na faɗa masa. Ban sani ba ko ta koma C, ko rabi ta tafi rabi ta tsaya. Bai yi faɗa ba. Ya goge, ya sake zuba komai, ni kuwa ina tsaye ina tuna tokar kaskon nan.

Wajen la'asar ya buɗe D. Fayil ɗin yana nan. Ya danna, ta tashi da nawarta, har bisimillar Kawu ta bayyana.

"Da kin yi haƙuri ya gama tafiya, da yanzu babu," in ji shi. "Kada dai ki mayar da shi hali."

A ranar na fitar da littafin duka a takarda, na kai wa Kawu a zaure.

"Wa ya ce ki fitar? Saura babi biyu."

"Ni na ce, Kawu. In za ka ƙone, ƙone."

Ya auna nauyinsa a hannu, ya shafa shafin farko. Sai ya ce in miƙo masa gafakarsa ta ajiyar littattafai.