Ranar da Tela Ya Fifita Gawayi

Shekarar da kamfanin auduga ya sallame mu, ba ni da wurin zuwa sai ƙofar shagon wani abokina tela a Garwa. Dokar majalisarmu ɗaya ce: wanda aka cinye a wasa shi ke fifita gawayin shayi. Da can dara muke yi, sai tela ya kawo wasan golf a waya, na jefa ƙwallo cikin rami.

Ya ce, "Malam, ja da yatsa ka saki, ƙwallo ta faɗa rami."

Ni da ƙuruciyata ta ƙare a ɗaukar dilar auduga, ina na san lallashi? Na fizga, ƙwallo ta faɗa tafkin da ke cikin wasan. Na sake, ta shige daji. Kwana da kwanaki ina tsugune da mafici, da furfurata, 'yan majalisa suna kirana patron ɗin gawayi, wato ubangidan gawayi.

Wata Juma'a haushi ya kashe min jiki, na ɗan shafi ƙwallo kawai. Ta gangara, ta yi jim a bakin rami, ta faɗa. Tela ya buga, tasa ta wuce.

Na miƙa masa maficin. "Fifita, patron. Kuma a cika min sukari."

Kamfani bai mayar da ni ba, amma ranar har kishingiɗa na yi.