Kwatar Ƙofar Gidanmu

Gidanmu a Gaya shi ne na ƙarshe kafin kududdufi, don haka ruwan wanka da na wanke-wanken unguwa duk ta ƙofarmu yake bi. Zamanin sule da sisi ne. Kullum da safe kakata takan tura baƙin ruwan gaba da tsohuwar tsintsiya, kafin la'asar wani ya taru.

Wata damina duba-gari, ma'aikacin tsafta, ya zo ya zuba baƙin mai a kududdufin saboda sauro, ya ce za a gina mana lambatu.

"Yaushe, ɗan nan?" in ji kakata.

"Kwanan nan, Iya."

Washegari kwaɗi suka mutu, awakinmu suka ƙi shan ruwan. Har Allah ya karɓi ranta ba a kawo ko bulo ɗaya ba.