Karan Gonar Inna Hajo

Shekara goma sha tara ke nan da muka rufe Inna Hajo, mahaifiyarmu, a Urafan. Bana na fi jin rashinta, don an kawo mini maganar da ita ya kamata ta yanke.

Ƙanena Sani, mai noma gonar gidanmu, ya same ni Tasawa. Wai mutanen wani furoje, irin shirin nan na raya karkara, na son karan geron da ake bari bayan girbi, su yi man inji da shi maimakon gazuwal. Sun ce ba ya ɓata iska: hayaƙin da ya fita bana, geron baɗi zai shanye shi, an yi canjaras. Ban musa ba, karatuna bai kai nan ba. Amma na taɓa jin irin wannan magana a bakin Baba.

Lokacin farin nan na mulkin soja an hana saran itace, ko reshe ka karya ma'aikatan gandun daji na kanka. Baba ya ce a tumɓuke karan gona har saiwa a yi girki, ai wani zai fito da damina. Inna ta ce, "Malam, in an kwashe shi, mi za ya riƙe ƙasar?" Ba a ji ta ba. Mun ci tuwo mai zafi a ranin nan, kuma wallahi mun ji daɗinsa. Da bazara iska ta tarar da gona tsirara, ta share ƙasar sama, rairayi ya yi ta binne shuka. Geron da zai maye gurbin karan da muka ƙona bai fito ba.

Ba ta taɓa yi wa Baba gori ba. Sai dai daga nan, duk girbi da ƙafa take bin kunya tana kwantar da kara, ba mai taɓa mata ko ɗaya.

Da tana raye ba na jin za ta zagi masu inji. Ranar da injin niƙa ya zo gari, har guɗa ta yi don ta huta da daka. Gonar ce kawai ba ta wasa da ita.

Na ce wa Sani ya ba su karan tsohon darni, na gona kuwa a bar shi kwance. Ya tashi yana cewa na cika taurin kai. Haka Baba ke ce wa Inna. Muryarta ta fara ɓace mini, ko hotonta ba mu da shi. Ashe taurin kan ne rabona, kuma na karɓa hannu bibbiyu. Allah ya jiƙanki, Inna.