Kwanon Baba da Kwalbar Yaya

Baba bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. Ko yunwa za ta kashe shi, sai an samu namijin da zai sa hannu a kwanonsa. A gidanmu na unguwar Briqueterie kuwa maza biyu ne suka rage bayan rasuwar Inna: shi da yayana, wanda tela ne. Ni ce mai girki, amma 'ya mace ba ta haɗa kwano da mahaifinta. Haka muka taso muka tarar.

Baba tsohon mahauci ne, ya ajiye wuƙa amma bai ajiye tafiya ba. Kullum da safe sai ya taka har kasuwar Mokolo, masu taksi suna danna masa oda yana ɗaga musu hannu, ya dawo mini da ƙullin yakuwa ko zogale. Da azahar in tuƙa tuwo, su zauna a zaure shi da Yaya. Baba ba ya cika ciki. Zai tsame hannu ya ce a bar wa ruwa wuri. Iyakar maganinsa ke nan, kuma ban san shi da kwanciya ciwo ba.

Kwatsam wani bidiyo ya shigo wayar Yaya. Wata mata ce take zuba Faransanci, wai hanjin kowa cike yake da dauɗa, sai an yi detoks, wato wankin ciki. Yaya ya hau kai ya zauna. Ya sayo wata doguwar kwalba, ya cika ta da ruwan kokwamba da citta da lemun tsami, ya ce shi da tuwo sai cikinsa ya wanku.

Na ce, "Yaya, cikin naka rijiya ce da za a yashe?"

Ya ce ni ban san komai ba sai murhu.

Yakan zo ya zauna gaban Baba saboda ladabi, amma kwalbarsa yake tsotsa. Baba ya yi loma biyu, ya dubi ɗaya gefen kwanon da ba a taɓa ba, ya ture. Wallahi raina ya ɓaci! Kwano ya riƙa dawo mini kusan yadda na kai shi. Na canza miya, na sa man shanu, na roƙi Yaya ya ci ko kaɗan ne saboda tsohon nan. Ya ce ai loma ɗaya ma za ta rushe masa rejim, wato tsarin cin abincin da ya ɗauka. A hankali jallabiyar Baba ta fara yi masa yawa. Ran nan ya fita Mokolo da ƙafa, ya dawo a taksi. Taksin nan shi ya tsorata ni.

Washegari na kai tuwo zaure, na ƙi juyawa. Na jawo buta na wanke hannu, na durƙusa gaban kwanon.

Yaya ya zare ido. "Ke, lafiyarki kuwa?"

Ko kallonsa ban yi ba. Baba ya daɗe yana dubana, har na ɗauka korata zai yi. Can sai ya yi bismillah, ya gutsuri tuwo, ya turo tsokar nama gefena da ɗan yatsa.

"Ci a hankali, uwata," ya ce. "Ki bar wa ruwa wuri."

Daga baya jiri ya kwashi Yaya a kan keken ɗinki, ya dawo cin tuwo ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Amma Baba bai tashe ni ba. Mu uku muka ci gaba da haɗa kwano har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu Yaya yana Duwala da iyalinsa, har gobe yana turo mini bidiyon shayin rage tumbi. Ni kuwa nakan taka zuwa Mokolo in sayo yakuwa, in tuƙa tuwo, in kai zauren nan in zauna. Ina kewar Baba, kewa mai ciwo. Sai in yi loma biyu, in dubi ɗaya gefen kwanon, hannuna ya tsaya.