Igiyar Kawu Illa

Duk wanda ya san Kawu Illa ya san igiyarsa. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin kafaɗarsa ta hagu babu ita ba. Suna da ita, biki da ita, zaman makoki da ita. Ranar Juma'a yakan ajiye ta a ƙofar masallaci tare da takalma, kuma in an sallame igiyar yake fara dubawa.

Yayan mahaifiyata ne. Shekara talatin ya yi yana haƙar rijiya a duwatsun Adar, daga Keita har Urno, kafin gwiwa ta hana shi shiga rami. Da ya zauna, sai ya kai igiyar wurin wani tela a kasuwar Buza, aka auna masa ita da metir ɗin ɗinki, ya ƙulla ƙulli a kan kowane metir. Daga ranar hukuma ba ta sake hutawa a garinmu ba.

Kun dai tuna ranar buɗe sabon ajin lakwal, makarantar bokon garinmu. Magajin gari na jawabi, yara na waƙa, Kawu kuwa yana bin bango da igiya. Bai iya boko ba, don haka ni ya sa na karanta masa allon aikin: tsawo metir tara. Ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"Ranka shi daɗe, metir guda ya ɓace."

"Baba Illa, yau ranar murna ce."

"Ai murna nika yi. Murnat takwas. Gudan ɗin nika cigiya."

Aka yi dariya, aka yanke ƙyalle, aka ci shinkafa. Ni ban yi dariya ba, domin a lokacin ina sakatare a meri, wato ofishin magajin gari, ina rubuta takardun haihuwa, kuma aikin nawa na kwantiragi ne, wanda ake sabuntawa duk shekara idan magajin gari ya ga dama.

Sai ga maganar rijiya. Wani furoje, irin ƙungiyoyin nan na raya karkara, ya ba da aikin rijiyar siminti a garinmu, mai zurfin metir talatin, da sharaɗin ba za a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa ba sai shugaban kwamitin gari ya dangwala yatsa a takardar karɓar aiki. Mutanen gari suka taru suka zaɓi Kawu Illa. Da labari ya iso meri, magajin gari ruwa kawai ya nema ya sha.

Aka sa ranar karɓa bayan an gama yankan hatsi. Rijiya cike, ruwa na ƙyalli, mata na guɗa. Kawu ya ɗaura dutse a bakin igiya, ya zura, yana ƙirga ƙulli da ƙarfi yadda har na baya za su ji. A ashirin da biyu dutse ya zauna.

Ɗan kwangilar, wani Alhaji mai ƙamshin turare, ya matso. "Baba, ga ruwa kana gani da idonka. Mi kaka so kuma?"

"Wanga ruwan damana na, Alhaji. Baƙo na. Hwaɗa mini inda za mu ishe shi ga bazara."

"To ka sa hannu, in an samu matsala mu dawo."

"A'a. Ku dawo, in an samu takwas in sa hannu."

Duk wanda ya taɓa shiga rami ya san ba a karɓar rijiya da kaka, lokacin da ƙasa ke ƙoshe. Alhaji ma ya sani, shi ya sa ya zaɓi kaka.

A meri aka ce masa baki ba ya aiki, sai ya rubuto ƙorafi, da tambur a kai. Ni na rubuta masa, a ɓoye. Ya kawo, aka ce ya dawo Litinin. Ya dawo Litinin, aka ce wata Litinin. To ku kun san Kawu! Ya sayi tabarma ta musamman, duk Litinin yana shimfiɗe a barandar meri tun kafin mai shara ya zo. Har ta kai baƙi na gaishe shi suna tambayarsa ofishin haraji, yana nuna musu. Wata rana magajin gari zai wuce, ya ce masa, da ɗan Faransancinsa:

"Bon, Baba Illa, takardarka tana bisa hanya."

"Wace hanya? In tahi in tarbe ta."

Ana cikin haka aka wayi gari da rago ɗaure a gidan Kawu, fari, mai ƙaho kamar na a ɗauki hoto. Wanda ya kawo ya ce gaisuwa ce daga Alhaji. Kawu ya kira mai shela, ya sa shi zagaya gari: duk wanda ragonsa ya ɓata ya shiga gidan Illa, ya zo meri ya ɗauki abinsa. Sannan ya ja ragon har filin meri ya ɗaure shi kusa da sandar tuta. Alhaji bai zo ba. Magajin gari bai ce a kwance ba, don kada a tambaye shi rago na wane ne. Haka ragon nan ya zama ma'aikaci, ba albashi, ba abinci, sai abin da bakinsa ya kai.

Abin da bakinsa ya kai kuwa shi ne wani kwalin takardu da aka tura ƙarƙashin baranda. Wata Litinin na fito na hango farar takarda a bakinsa, rabi a ciki rabi a waje, da tambur a kai. Na gane rubutuna. Kawu ma ya gane tambur ɗinsa. Ya daɗe yana kallon rago na tauna, sannan ya ce:

"Alhamdu lillahi. Wata huɗu, yau anka samu wanda yad duba ta."

Ranar ce magajin gari ya kira ni ofis. A kan teburinsa ga takardar karɓar rijiya, ga akwatin tawada, ga kuma takardar sabunta aikina a gefe, ba hannu a kanta. Bai haɗa su da baki ba. Ya dai jera su yadda zan gani, ya ce, "Kawunka na. Ka san yadda za ka yi da shi."

Na same shi da la'asar a gindin bishiyar bedi yana gyaran ƙullin igiya. Wallahi na roƙe shi. Na ambaci matata, na ambaci yara uku, na ambaci zumunci. Ya saurara har na gama, ya ce, "Mamman, kawo tawadag ga." Zuciyata ta yi sanyi. Ya danna babban yatsa a tawada, ya duba ya ga ta kama sosai, sai ya manna mini shi a tsakiyar goshi.

"Kai na amsa," in ji shi, "ko da kai ma ba ka cika talatin ba. Rijiya kam a'a. In ta ƙahe, ba magajin gari ka tahiya hwadama da jarka ba. Uwakka ta."

Na koma meri da takarda fara, goshi shuɗi.

Bazara ta zo, rijiya ta koma laka. Mutanen furoje suka zo da nasu ma'aunin mai lambobi, suka zura, suka samu ashirin da biyu. Kawu ya ce ma'auninsu ba laifi. Aka dawo da Alhaji da ma'aikatansa, suka haƙa takwas ɗin nan cikin dutse, Kawu na zaune a baki yana ƙirgawa. Ranar da rijiya ta shanye ƙulli talatin ya dangwala yatsa, sau ɗaya, bai ko kalli kowa ba.

Ni kuwa aka cire ni daga ofis, aka mayar da ni yankan tikiti a kasuwar bisashe, cikin rana da ƙuda. Ba zan ɓoye muku ba, na ji haushinsa ƙwarai. Shekara guda ban taka gidansa ba. Shi ya zo ya same ni wata ranar kasuwa, bai ce sannu ba, ya kwance igiya ya auna rumfata, tsawo da faɗi, ya naɗe abinsa.

"Ta cika," ya ce. Ya ajiye mini goro ya tafi. Washegari na je gaishe shi.

Bara ya rasu, a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyin ƙauyukan kewaye duk suka ƙafe, mata na zuwa garinmu da jakuna. A maƙabarta samari suka gama haƙa suka ce an shirya. Sai wani tsoho daga baya ya ce, a hankali, "A auna dai." Babu wanda ya so yin dariya a wurin, amma kafaɗu sun motsa. Masu haƙa suka koma ciki suka ƙara taki guda.

Ruwan da aka yi masa wanka da shi ni na jawo. Guga ya yi ta tafiya, ya wuce inda Alhaji ya tsaya, ya ci gaba, sannan na ji ya taɓa ruwa. A nan ne kuka ya zo mini, ba a maƙabarta ba.

Allah Ka jiƙan Kawu Illa. Ka yalwata masa kabarinsa fiye da abin da igiya za ta iya aunawa, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu. Amin.