Tayar Babaji Mai Faci

A Potiskum, garin da tirela ta kusa fin ɗan Adam yawa, in ka ce Babaji mai faci ba sai ka yi kwatance ba. Rumfarsa na bakin titi, kafin ka shiga Dogo Tebo. Bafulatani ne da shanun gidansu suka ƙare tun yana saurayi, ya ajiye sanda ya ɗauki guduma. Maƙwabcinsa Kashim mai walda, Babarbare, kullum sai ya tsokane shi, wai shi ne Bafulatanin farko da ya koma kiwon roba.

Da can Babaji kan rama. Tun da ɓarin jikin matarsa Rauda ya shanye bara, sai ya daina. Ba fushi ya yi ba, kuma ban ce baƙin ciki ba ne. Ya dai zama kamar tayar da iskarta ke fita a hankali, ba a jin ƙara. Da safe ya juya Rauda, ya wanke ta, ya ba ta kunu, ya fito. Da azahar ya koma. 'Ya'yansu mata duk suna gidajen aure a nesa. Ƙanwarsa Saudatu, da mijinta ya rasu tana zaune a Nangere, ta sha cewa za ta zo ta zauna da su. Amsarsa ba ta canzawa.

"Me ya yi zafi? Muna nan lafiya."

Laifin kuwa har da na gaisuwarmu. An tambaye ka ina gajiya, an kuma riga an yanka maka amsa: ba gajiya. Ko a kan gadon asibiti kake, haka za ka ce. Babaji mutum ne mai ladabi, bai taɓa saɓa wa gaisuwa ba.

Wata Laraba, ranar kasuwar shanu, wani direba ɗan kudu ya tsaya da tirelarsa. Babaji ya ɗaga guduma zai ɓalle taya daga rim, sai gudumar ta tsaya a sama, ta sauko a hankali kamar an ba ta haƙuri. Ya tsaya yana kallon hannunsa. Direban ya dube shi, ya ce da Turancinsu na tasha, "Baba, yu don taya."

"Na gan ta," in ji Babaji. "Yanzu zan yi ta."

Kashim ya ɗage gilashin walda yana dariya. "Kai bawana, ba tayar mota yake nufi ba. A Turanci taya gajiya ce. Cewa ya yi ka gaji."

"Taya ce gajiya?"

"Ita ce. Shi ya sa in ma'aikaci ya yi ta gajiya har ta ishe shi, sai a ce ya yi ritaya."

Ban rantse da fassarar Kashim ta biyun ba, amma Babaji ya karɓa. Ya waiga ya dubi tayoyin da ya jibge a bayan rumfa, masu sanƙo da waɗanda waya ta fito musu. Bai yi dariya ba.

"Ashe gajiya nake ta tarawa," ya ce.

Kashim ya sauke gilashinsa. Shi ya ƙarasa ɓalle tayar.

Bayan la'asar wayar Babaji ta yi ƙara. Saudatu ce, da gaisuwarta ta kullum.

"Hamma, ina wuni? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Ina gajiya?"

Bakinsa ya buɗe zai ba da amsar da aka saba, sai ta ƙi fitowa. Kalmar Hausar ma ta yi masa nauyi. Sai ya ari ta baƙon, tunda ita ba ta san kunya ba.

"Taya," ya ce.

Saudatu ba ta taɓa zama a aji ba. Da Hausarta ta ji kalmar, Hausar mutanen nan da ba su cika damuwa da inda murya ta hau ko ta sauka ba.

"In taya ka? Hamma, yau kai ne?"

Babaji ya dubi Kashim. Kashim ya duƙufa a kan wani ƙarfe da ba ya buƙatar walda. Gyara maganar abu ne mai sauƙi, kalma biyu ta isa. Babaji ya riƙe wayar a kunne, bai gyara ba.

"Gobe ina tafe a motar farko," in ji Saudatu. "A share mini ɗakin 'yarka Khairat."

"To."

Ya mayar da wayar aljihu, ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Wani mai keke napep ya tsaya ya danna ham. Babaji ya ji shi sarai, amma bai tashi nan take ba.