Uwaisu da Memorin da Ya Ƙi

Uwaisu ɗan yayana ne, shagonsa na Ikara kusa da tasha. A da rediyo yake gyarawa, ya koma waya, yanzu kwamfutar kan tebur yake haɗawa da hannunsa, guntu-guntu. Ba shi da yawan magana. In aiki ya yi masa gardama, leɓensa na ƙasa yake cizawa.

Bayan rasuwar maigidana, Malam, yara suka tattara tafsirinsa na azumi da aka ɗauka a masallaci, na shekara tara, suka zuba a tsohuwar kwamfutar gida. Babu shi ko'ina sai nan. Da ta fara mutuwa tana tashi, Uwaisu ya ce zai haɗa sabuwa ya mayar da ma'ajiyar karatun cikinta. Na rungumo tsohuwar a mota tun daga Hunkuyi.

Ya haɗa, ta kama. Sai ya shiga wani shuɗin shafi ya taɓa abu, wai XMP, don ta ƙara gudu. Fuskar ta yi baƙi ƙirin. Fanka na juyawa, babu hoto. Ya kashe ya kunna har sau uku, na ga ya ciji leɓe.

"Memorin ne ya ƙi," ya ce.

Ni memori ɗaya na sani, ɗan mitsitsin nan na waya. Na maƙwabciyata Lantana ya ƙone bara, hotunan mahaifiyarta suka tafi duka. Na zauna a kan wani benci. Ina jan carbi, bakina ya kasa kama salati.

"Uwaisu, muryar Malam ta tafi ke nan?"

Ya ɗago. "Haba Gwaggo, wannan memorin ba ya ajiya. Faifai ne na tankaɗe, rumbun yana can daban." Ya zaro wasu 'yan sanduna biyu koraye. "Ba kamfani ɗaya ba ne. Kamar shanun huɗa, ɗaya mai sauri, ɗaya mai nawa, ni kuma na tsula musu bulala."

Ban yarda ba, don har yanzu yana cizon leɓe. Ya ciro wani batiri kamar kwabo, wai don ta manta da gudun da ya sa mata, muka ɗan jira, ya mayar da shi da sandunan. Baƙi dai. Can sai haske, ya danna, na ji Malam yana gyaran murya kafin bisimilla.

"In sake gwada gudun da sanda ɗaya?" ya ce.

Na ce a'a, ta yi tafiyarta a hankali. Ban tashi daga bencin ba sai da ya kwafe karatun a wuri biyu.